Ƙananan mujallun masu wasan almara na kan tebur: asalinsu, matsayinsu a doka da yadda ake fitar da su

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a arewacin Ingila. Abokan karatuna sun koya mini wasan Dungeons & Dragons, har ma yanzu ni nake jan wasan idan mun haɗu. A wani shagon sayar da kayan wasa na ga waɗansu ƙananan mujallu da aka ɗinke da waya, ba kamfanin da ya mallaki wasan ne ya buga su ba, amma suna da ɗan tsada, kuma mutane suna saye. Mene ne amfaninsu alhali ga manyan littattafan kamfani? Doka ta yarda da haka? Idan ni da abokaina muna son fitar da tamu, ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: dalilin wanzuwar waɗannan mujallu, matsayinsu a wurin hukuma, da hanyar da sabon shiga zai bi. Ta farkon ce za ta fi cin lokaci, domin wanda ya fahimci dalilin da ya haifar da su ba zai sha wahalar sanin abin da ya kamata ya zuba a cikin tasa ba.

Saboda masu karatun da ba su taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda a wata duniyar almara mai dodanni da matsafa da tsofaffin kufai, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama jagora. Jagoran ne ke bayyana inda suke da abin da suka tarar, su kuma su faɗi abin da za su aikata. Idan aka zo kan abin da ba a da tabbacin zai yiwu, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wadda wata fuskokinta sun kai 20, ita ce za ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ke cinye wani.

Wasan da ya fito da giɓi

Lokacin da kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya fitar da Dungeons & Dragons a 1974, abin da Gary Gygax da Dave Arneson suka miƙa wa jama'a ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, a kan dala 10, kuma kwafi 1,000 aka buga da farko. Dokokin da ke ciki a warwatse suke, waɗansu ma suna ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san wasannin yaƙi na 'yan gumaka da marubutan suka saba da su. Duk wanda ya saya, dole ya cike giɓin da kansa. Saboda haka wasan da ake yi a Los Angeles ya bambanta da na Boston, na Boston kuma ya bambanta da na Minneapolis, kuma kowane rukuni yana ɗokin sanin yadda sauran suka warware abin da ya shige masa duhu.

An yi sa'a akwai hanyar da aka riga aka share. Masu son ƙagaggun labaran kimiyya sun fara buga mujallunsu na gida tun shekarun 1930, masu buga Diplomacy, wani wasan allo na yaƙi da ƙulla ƙawance, ta gidan waya kuma suna da nasu tun 1963. Daga cikin irin waɗannan mutane ne Lee Gold ta fito, wadda ta kafa Alarums & Excursions a Los Angeles a watan Yuni na 1975. Tsarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba irin mujallar da aka saba gani ba ce mai edita yana zaɓa yana zubarwa. Kowane mai ba da gudummawa yana rubuta nasa shafukan, ya biya kuɗin gurza su, ita kuma ta haɗa su wuri ɗaya ta aika wa kowa. A fitowa ta gaba sai ka ga wannan yana amsa wa wancan, yana cewa dokar da ka kawo ta sihiri mun gwada ta, ga inda ta karye. Hira ce a rubuce mai tafiya wata-wata, kuma ta ci gaba kusan shekara 50, ta wuce fitowa 500. Jonathan Tweet, wanda ya jagoranci tsara bugu na uku na Dungeons & Dragons a 2000, da Rob Heinsoo, wanda ya jagoranci na huɗu a 2008, duk sun yi rubutu a cikinta kafin kamfani ya ɗauke su.

Shi kansa Gygax ya aika mata wasiƙa da ta fito a fitowa ta biyu, inda ya nuna cewa shi da Arneson sun saɓa a kan abubuwa da dama, kuma wasan kowannensu bai bi dokokin da aka buga sau da ƙafa ba. Kafin nan ma, matsayin ɓarawo, wanda yau yake cikin ginshiƙan wasan, ya fara bayyana ne a 1974 a wata 'yar takardar labarai ta masu wasa, kafin ya shiga littafin kamfani a 1975. A 1976 Jennell Jaquays da waɗansu abokan karatu a wata kwaleji a Michigan suka fara The Dungeoneer, wadda tana cikin na farko da suka riƙa buga cikakken labarin kasada da taswirarsa, wanda jagora zai ɗauka ya ja wasa da shi kai tsaye. Dangantakar ba ta daɗe da daɗi ba: a 1978 Gygax ya yi amfani da mujallar kamfaninsa, The Dragon, ya caccaki masu buga irin waɗannan mujallu. A lokacin kuɗi ya riga ya shigo harkar, kuma kamfani ya fara son doka ɗaya tak da kowa zai bi.

A ƙasar da kake zaune ma labarin bai sauya ba. Steve Jackson da Ian Livingstone, waɗanda suka kafa Games Workshop a Landan a 1975 tare da wani abokinsu, sun fara ne da 'yar takarda mai suna Owl and Weasel. Kwafinta ne ya isa hannun mutanen TSR, su kuma suka aiko musu da wasan, daga nan suka zama dillalansa a Turai. A 1977 suka maye gurbinta da White Dwarf, wadda ke da shafin da masu karatu ke aiko da dodannin da suka ƙirƙira, kuma da yawa daga cikinsu aka tattara a littafin Fiend Folio na 1981. To amma dubi abin da ya biyo baya. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 White Dwarf ta daina kula da wasannin kowa, ta koma tallar kayan kamfaninta kaɗai. Dragon kuwa ta daina fitowa a takarda a 2007, a fitowa ta 359.

Wannan shi ne amsar sashen farko na tambayarka. Mujallar kamfani tana da ubangida, kuma dole ta yi magana da dubban mutane a lokaci guda, saboda haka takan guji duk abin da ya cika baƙunta. Ƙaramar mujalla kuwa, wadda masu harkar ke kira zin, idan ta sami mutum 200 da ke son irin abin da take kawowa, ta tsaya da ƙafarta. Lamarin ya yi kama da yadda marubutan adabin kasuwar Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu tun daga shekarun 1980, ba su jira manyan kamfanonin ɗab'i sun ga dama ba.

Farfaɗowarsu ta baya-bayan nan tana da dalilai da ake iya nunawa. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sannan a 2000 ya fitar da buɗaɗɗen lasisi da ya ba kowa damar amfani da ginshiƙan dokokin. Da shi ne waɗansu suka sake rubuta tsofaffin dokokin shekarun 1970 da 1980 da sababbin sunaye, irin su OSRIC a 2006 da Labyrinth Lord a 2007 da Swords & Wizardry a 2008, kuma mujallu irin su Fight On! da Knockspell suka taso don yi musu hidima. Buga littafi ɗaya-ɗaya idan an saya ya kawar da buƙatar babban jari. A Fabrairun 2019 dandalin karo-karo na Kickstarter ya ƙaddamar da Zine Quest, da sharaɗin cewa mujalla ta zama ƙarama, mai launi ɗaya a ciki, a naɗe ko a ɗinke da waya. Da dandalin ya ɗage shirin zuwa Agusta a 2022, sai masu harkar suka shirya nasu watan, Zine Month, suka riƙe Fabrairu. Wani lokaci ƙaramin abu yakan girma: dajin almara na Dolmenwood, wanda Gavin Norman ya fara bayyanawa kaɗan-kaɗan a mujallar Wormskin, ya zama cikakken wasa da ya tara sama da dala miliyan 1 a 2023. Sai dai irin wannan ba shi da yawa, kuma ban so ka shiga da wannan lissafin a ranka.

Abin da mai saye yake nema

Wanda ke sayen irin wannan mujalla yawanci jagora ne kamarka, yana da wasa ranar Asabar, kuma bai shirya komai ba. Ba karatun nishaɗi ya zo nema ba, kayan aiki yake so: kufai mai ɗaki 12 da taswirarsa a shafin da ke kallon bayaninsa, jadawalin abubuwa 20 da za a iya tararwa a kasuwar wani birni, dodo guda mai halin da zai sa 'yan wasa su tsaya su yi tunani maimakon su zare takobi. A teburina na lura cewa duk shafin da ya cika da tarihin sarakunan da suka mutu shekara dubu kafin zuwan jaruman, ba ya kaiwa ga kunnen 'yan wasa, domin babu jagoran da zai tsayar da wasa ya karanta musu sakin layi biyar. Abin da ke kai musu shi ne abin da za su iya taɓawa, ko su tambaya, ko su sata, ko su gudu daga gare shi. Idan tarihin yana da muhimmanci, a ɓoye shi a cikin waɗannan: rubutu a bango, ko tsohuwar da ke sayar da ruwa a ƙofar gari tana da ƙorafi a kan sarki.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku zauna ku ce za ku rubuta mujalla. Ku buɗe littafin da kake shirya wasa a ciki, ku zaɓi abin da kuka riga kuka buga kuka ji daɗinsa, shi za ku gyara. Bayan nan akwai gwajin da nake yi wa duk abin da zan buga: nakan miƙa wa wani jagoran da ba ya wurin lokacin da aka rubuta, ya ja wasa da shi ina zaune ban ce uffan ba. Duk inda ya tsaya yana juya shafi yana neman wani abu, ko ya ɗago ya dube ni, nan ne rubutun ya gaza, sai in yi alama. Marubuci ba ya ganin giɓin rubutunsa, domin abin da ya manta bai sa ba yana nan a kansa.

Akwai kuma abin da kai kake da shi wanda abokanka ba su da shi. Mafi yawan abin da ke kan kantar shagon nan ya ginu ne a kan ƙasar Turai ta zamanin da, mai gidajen sarauta na dutse da dazuzzuka masu sanyi. Birni mai ganuwa da ƙofofin da ake rufewa da magariba, ayarin fatake da madugu da jaji, rijiyar da wani abu ya hana a ɗebi ruwanta sai rana ɗaya a mako, wayon Gizo, duk kayan wasa ne masu kyau da ba a cika gani ba. Sai dai a yi hattara da abin da mutane suka ɗauka da gaske a addininsu da imaninsu, domin ba kowane abu ne ya dace a lissafa masa ƙarfi da rauni a jefa masa ƙwaya ba. Wannan zaɓi ne kawai. Idan hankalinku ya fi karkata ga wani abu dabam, ku bi shi.

Maganar doka

Ni ba lauya ba ne, abin da zan faɗa shi ne yadda masu harkar ke tafiyar da ita, kuma duk lasisin da za ku yi aiki da shi ku karanta shi da kanku daga farko har ƙarshe, yawancinsu ba su da tsawo. Abin da ake karewa shi ne kalmomin da marubuci ya tsara, da zane-zane, da sunayen kasuwanci, da halittu da wuraren da kamfani ya keɓe wa kansa. Ba za ku kwafi sakin layi daga littafin kamfani ba, ba za ku sa tambarinsa a bangonku ba, kuma akwai dodannin da bai saki ba, kamar beholder da mind flayer. Shi kansa TSR ya taɓa faɗawa wannan rami, domin a 1977 sai da ya sauya sunayen waɗansu halittu da ya aro daga littattafan marubucin almara Tolkien bayan masu haƙƙin sun yi masa barazana.

Ga mai wasa da bugu na biyar na wasan, wanda nake zaton shi kake ja, hanya ta yi sauƙi tun Janairun 2023. A watan ne labari ya fita cewa Wizards of the Coast na shirin soke tsohon lasisin na 2000, masu wasa suka yi caa a kansa, har ya janye, ya kuma saki kundin ginshiƙan dokokin, wanda ake kira SRD 5.1, a ƙarƙashin wani buɗaɗɗen lasisi mai suna Creative Commons da ba a iya janyewa. Abin da ke cikin kundin nan kuna iya amfani da shi ku sayar, muddin kun rubuta jimlar da ke nuna inda kuka samo shi. Idan kuwa lallai sai kun yi amfani da duniyar kamfanin, kamar Forgotten Realms, to sai ta kasuwarsa ta DMs Guild, inda za a ba ku rabin kuɗin, kuma ba ku da ikon sayar da abin a wani wuri, wanda ke nufin ba za ku gurza ku kai shago ba. Ƙananan wasanni da yawa, irin su Cairn da Mörk Borg da Old-School Essentials, suna da nasu lasisin mai sauƙi. Wata hanya kuma, wadda ni na fi so ga fitowar farko, ita ce a rubuta abin da bai jingina da dokokin kowa ba, a ce dodon yana da ƙarfin mutum uku kuma yana tsoron wuta, kowane jagora ya sa masa lambobin wasansa. Zane kuwa, ko dai ku yi da hannunku, ko ku biya mai zane ku yi yarjejeniya a rubuce, ko ku ɗauko daga tsofaffin zane-zanen da haƙƙinsu ya ƙare.

Takarda, nauyi da gidan waya

Girman da aka fi amfani da shi a Ingila shi ne A5, wato takardar A4 da aka naɗe biyu. Kowace takarda ɗaya tana ba da shafi huɗu, don haka adadin shafukanku dole ya rabu da huɗu: 16, 20, 24, har zuwa wajen 40, inda ɗinkin waya ke fara kasa riƙe tsakiya da kyau. Ku fara da 16 ko 24. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne jeren shafuka, domin a mujalla mai shafi 24, shafi na 24 da na 1 ne ke zama gefe da gefe a takarda ɗaya, na 2 da na 23 a bayanta. Ku naɗe fararen takardu shida ku rubuta lambobi da biro, ku warware, za ku ga tsarin da idonku. Firintar gida ko injin fotokwafi na jami'a, da abin ɗinke takarda mai dogon hannu da zai kai tsakiya, sun isa a fitar da kwafi 30 zuwa 50. Idan adadin ya wuce haka, maɗaba'a ta fi araha kuma ta fi tsabta, amma ku nemi ta ba ku kwafin gwaji ɗaya tukuna, musamman don ku ga ko baƙin da ke taswira bai cinye ƙananan lambobi ba.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne aikawa. Takardar A4 ta yau da kullum nauyinta kusan giram 5 ne, saboda haka shafi 24 da bango mai ɗan kauri da ambulan ba za su kai giram 100 ba. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin a tsarin Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, abin da bai wuce giram 100 da kaurin milimita 5 ba yana tafiya a matsayin wasiƙa, wadda ita ce mafi araha, da zarar ya wuce kuma ya shiga aji na gaba. Mutane sukan ƙara kati ko alamar liƙawa a matsayin kyauta, ba su san sun tsallaka iyakar ba sai a gaban kanta. Aikawa ƙasashen Tarayyar Turai ta ƙara wuya tun da Birtaniya ta fice, kuma daga Yulin 2021 Tarayyar ta soke rangwamen harajin da take yi wa ƙananan kaya, don haka mai saye yana iya tarar da ƙarin kuɗi a ƙofarsa. Ga na nesa, ku sayar da kwafin da ake saukewa a kwamfuta. Kasuwar itch.io tana cire kashi 10 cikin ɗari idan ba ku sauya ba, DriveThruRPG kuwa tana ba ku kashi 65, ko 70 idan a can kaɗai kuke sayarwa, amma ta fi yawan masu saye. Shagon da ka ga mujallun nan ma kuna iya kai masa, sai dai ku sani shaguna kan nemi ragi mai yawa, sau da yawa kusan rabin farashi, don haka ku sa farashin da zai jure wannan tun farko. Tarukan masu wasa irin su Dragonmeet a Landan da UK Games Expo a Birmingham wuri ne mai kyau na ganin abin da wasu ke yi da yadda suke sa kuɗi.

Karo-karo ta intanet ban ba ku shawararsa a fitowar farko ba. Kickstarter yana cire kashi 5, masu sarrafa biyan kuɗi su cire wajen kashi 3 zuwa 5, amma ba wannan ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne kun karɓi kuɗin mutane a kan abin da ba ku gama rubutawa ba, ga jarrabawa tana tafe, ga farashin aikawa yana iya tashi kafin ku kammala. Ƙwarewata ta tsaya ne a kan ƙananan bugu da ake kaiwa hannu da hannu ko a aika da ambulan, saboda haka idan kun kai matakin ɗaruruwan masu saye a ƙasashe daban-daban, ku nemi wanda ya saba da wannan. Kai kuma da kake ƙasar da bizar karatu, ka tuntuɓi ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arku kafin ka karɓi ko fam ɗaya, domin bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana sana'ar kai, kuma sayar da abin da ka buga yana iya faɗawa ƙarƙashinta. Rabawa kyauta, ko ba da gudummawar rubutu ba tare da biya ba, ya fi zama lafiya har ka ji ta bakinsu. Dokar ƙasar kuma ta tanadi cewa duk abin da aka wallafa a Birtaniya a aika wa British Library, babban ɗakin karatu na ƙasar, kwafi ɗaya cikin wata guda da fitowarsa, saboda haka ku ware mata nata tun kuna ƙirga adadin da za ku gurza.